Ranar Gwajin Nono

Ni ba na kiran sunan yarinyar nan, don ita ce 'yata ta fari. Ubanta ya raɗa mata Khairunnisa. Na faɗa ne yau kawai don ku san wadda nake nufi, amma shekara ashirin da ɗaya ke nan bakina bai saba da shi ba. In zan aike ta sai in ce "ke", in ana maganarta a taro sai in shiga gyaran ɗankwali. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka muka tashi muka tarar ana yi a Sandamu.

Da cikinta ya shiga wata takwas, mijinta Hafizu ya kawo ta gida daga Daura, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta sauka lafiya ranar wata Asabar da hantsi a hannun Laraba, tsohuwar ungozomar unguwarmu, wadda ita ta yanke cibiyar mai jegon ma. Aka samu mace, jawur da ita. Wankan jego na bar wa Laraba, duk da idonta ya yi rauni, don hannunta bai tsufa ba. Ni nawa dafa ruwa, dama kunun kanwa da karɓar 'yan barka. Ɗakin mai jego kuwa, sai dai in ajiye kwano a bakin ƙofa in juya.

Kwana biyun farko kaina ya fi ƙarfin ɗankwali don daɗi. In jinjira ta yi kuka mata suka ce a ba ta ta sha, sai yarinyar nan ta sunkuyar da kai ta ce jinjirar ta ƙoshi. In aka matsa mata, sai ta juya ta fuskanci bango, ta ja dogon hijabinta ta lulluɓe har jinjirar, ta kau da fuska gefe guda kamar wadda aka ba ajiya. Tun da aka kawo Shari'a hijabi ya zama kayan kowa, amma ban taɓa ganin mai jego tana zama da shi a cikin ɗaki da tsakar rana ba.

"Kai, Rahmatu, kin iya tarbiyya," in ji Talatu maƙwabciyata. "'Yan bokon yanzu da suke rungume ɗan fari a gaban surukai, har da sumbata? Wannan kuwa ko kallon inda take ba ta yi."

Na ce ai ba ni ba ce, Allah ne. Amma har raina na ji daɗi, na ƙara wa Talatu kunu.

Rana ta uku daɗin ya fara gushewa. Ni mai suyar ƙuli-ƙuli ce, da kunne nake gane mai ya yi zafi, kuma 'ya'ya bakwai na goya. Na san kukan ciwon ciki, na san kukan rigima, na san kukan yunwa. Wannan na yunwa ne, mai farawa da ƙarfi ya ƙare a shaƙe. Ga shi ni ke wanke tsummokin jinjirar, kuma tun safe har azahar biyu kacal aka fito mini da su a jiƙe. Jinjirar da ke shan nono ba ta barin igiyar shanya ta huta.

Ina tsugune ina hura wuta sai na jiyo wata 'yar ƙara daga ɗakin, cokali yana bugun kofi a hankali. Na yi gyaran murya, ƙarar ta ɗauke.

"Ke, me kike damawa?"

"Shayi ne, Inna."

Da yamma na je ɗauko fulas ɗin shayin don in sake, na same shi a cike kamar yadda na kai shi. Daga nan na fara baza kunne.

Bayan la'asar Hafizu ya zo a kan babur, riƙe da wata baƙar leda ƙarama. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, na amsa daga madafi ban fito ba, suruki ne. Ya shiga wajen matarsa. Bangon madafina da na ɗakin ɗaya ne, kuma akwai wata 'yar kafa a sama da hayaƙi ke bi. Ban ce na yi laɓe ba, amma na daina kaɗa miya.

"Mai kyamis ya ce ki dinga shafawa safe da yamma," na ji ya ce.

"Don Allah kar ka faɗa wa kowa."

"Ko Inna?"

"Ita ce ma ba na so ta sani."

Muciya ta kusa suɓuce mini. A kasuwar Mai'adua na taɓa jin wata dillaliya tana ba da labarin mayukan da ake shigowa da su ta kan iyaka, wai akwai na ƙafar da ruwan nono, matan birni na shafawa don kada ƙirji ya zube. Lokacin tsaki na yi, na ce ƙaryar dillalai ce. Yanzu ga shi a gidana, a bakin 'yar da na haifa. Na haɗa cokalin nan da man nan da fulas ɗin da ba a taɓa ba, lissafi ya fito mini sarai: yarinyar nan ba ta son ba da nono, madarar gwangwani take ɗura wa jinjira a ɓoye, kuma da sanin mijinta. Wataƙila ma shi ya sa ta. Dama tun ranar da na ga yana saka riga cikin wando ban gama yarda da shi ba.

Ranar ban iya cin tuwo ba. Malamarmu ta Islamiyya ta sha faɗa mana cewa shekara biyu cur haƙƙin yaro ne a kan uwarsa. Ga kuma abin kunyar da za a ce 'yar Rahmatu ce ta yi. Amma ta yaya zan tambaye ta? Ban taɓa zama da ita mun yi maganar jiki ba. Ko lokacin da ta fara al'ada, goggonta na tura ta wurinta.

Washegari da safe, da Laraba ta shige da ita bayan gida wanka, na faɗa ɗakin kamar ɓarauniya. Jinjira na barcin gajiya, leɓɓanta a bushe. Na ɗaga matashi, ga kofi da ƙaramin cokali, da ɗan fari-fari a ƙasan kofin. Na shinshina, ban ji ƙamshin madara sosai ba, na ce wayo ne, ta cika ruwa. A cikin jakarta na samu man, ɗan ƙarami kamar na goge baki, da rubutun Turanci da ban iya karantawa ba, an riga an matse kaɗan. A ƙarƙashin katifa akwai wasu 'yan tsummoki da aka ninke ƙanana, sun bushe sun yi tauri, da ɗigo-ɗigon jini. Na ce jego ne, jini ba abin mamaki ba ne, na mayar. Gwangwani nake nema. Na duba bayan kwalla, na duba cikin akwati har ƙasa, ban gan shi ba. Maimakon hankalina ya kwanta, sai na ce lallai ta iya ɓoyo.

Da Laraba ta fito na ja ta gefe, na miƙa mata goro.

"Iya Laraba, nonon yarinyar nan ya kawo kuwa?"

"Ya kawo har ya yi yawa. Da na goge shi da hannu tauri gare shi kamar ɗanyen gwanda. Sai dai in na kai ganye wajen, kare ƙirjinta take da hannu biyu. Kunya ce, irin taki. Ke ma haka kika wahalar da ni."

Wato nono na nan, bayarwa ce ba a yi. Wannan ya ƙara tabbatar mini.

Ba zan ɓoye ba, ranar da azahar ta so yi mini magana. Na kai kunu, na ajiye, zan juya sai ta ce, "Inna." Muryarta ƙasa-ƙasa. Na tsaya ban waiwaya ba. Akwai baƙi uku a tsakar gida suna kallona, ga kuma haushinta da ya cika mini ciki. Na ce, "Ga kununki nan, ki sha da zafinsa," na yi gaba.

Rana ta biyar Hajiya Maijidda, uwar Hafizu, ta iso daga Daura da kayan suna a motar haya, ɗanta na gaba kusa da direba. Mace ce mai jiki da kaifin ido, irin wadda in ta shigo gida take ƙirga kajinka kafin ta zauna. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka miƙo mata jikarta. Ba ta yi wasan kaka da jika ba. Ta sa yatsa ta taɓa maɗigar yarinyar, ta ɗan ja fatar cikinta ta saki, ta dube ni.

"Rahmatu, yarinyar nan ba ta sha."

"Tana sha, Hajiya, kaɗan-kaɗan."

"Maɗiga ta faɗa. An gwada nonon?"

Na ce ba a gwada ba. Ta ce to yau za a gwada, a gabanta. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san yadda ake yi: mai jego ta tatso nono a ƙoƙo, a kamo tururuwa a jefa ciki. In ta yi iyo ta fita, nono lafiyayye ne. In ta mutu a ciki, an ce mugun nono ne, ba za a ƙara ba yaro ba.

"In ta mutu," in ji Hajiya, "ana gama suna zan tafi da jikata. Asma'u matar babban wan Hafizu tana goyon ɗan wata huɗu, nono gare ta kamar saniya. Ita kuma wannan ta zauna nan a yi mata magani."

Na san mata biyu a garin nan da aka ce suna da mugun nono. Har suka gama haihuwa ba a bar su sun shayar da ɗa ko ɗaya ba, 'ya'yansu suka tashi suna kiran wasu Inna. Amma uwar 'yar fari ba ta sa baki a maganar 'yarta, balle a gaban surukai. Na shiga murza bakin zane. Abin da ya fi damuna ma, ban san wanne zan roƙa ba. In tururuwa ta mutu, an raba ta da 'yarta. In ta rayu, Hajiya za ta tambayi dalilin da lafiyayyen nono bai shiga cikin jinjira ba, asiri ya tonu, kuma ƙarshenta dai tafiya da jinjirar za a yi.

Laraba ta wanke ƙoƙo ta nufi ɗakin. Sai ga ta ta dawo hannu wofi.

"Ta ce a bar ta ita kaɗai za ta tatso."

Hajiya ta taɓe baki. Aka zauna jira. Talatu ta je gindin bango ta kamo tururuwa biyu a kan tsinke, tana ta juya shi kada su sauka. Shiru, shiru. Aka sha ruwa, aka yi maganar tsadar rago, ƙoƙo bai fito ba. Ni kuwa na riga na gama gani a raina: tana can ta ciro gwangwanin daga inda ta ɓoye, tana dama madara za ta kawo wa mutane a matsayin nononta. A gidana, a gaban surukarta, za ta yi wannan ha'incin. Haushi ya taso mini har ya danne kunyar. Na miƙe, na ji Talatu ta ce "Rahmatu, ina za ki?" ban kula ta ba, na ɗaga labule na shiga.

Tana zaune a bakin gado, ta juya wa ƙofa baya. Ta cusa gefen hijabinta a baki ta cije, gumi da hawaye sun haɗu suna sauka ta haɓarta. Ƙoƙon na kan cinyarta. Babu gwangwani, babu cokali. Tana matsa nononta da hannu, wanda ya kumbura yana sheƙi, kansa ya tsattsage ya yi jawur, wani wurin ya yi ɓawo wani wurin ɗanye. Ɗayan ta manna masa irin 'yan tsummokin nan da na gani ƙarƙashin katifa. Duk matsa ɗaya sai ta runtse ido, ƙafarta ta daki ƙasa. Abin da ya taru a ƙoƙon bai fi cokali uku ba, kuma ba fari ba ne, jini ya surka shi.

Da ta gan ni ta yi sauri za ta rufe. Na riƙe hannunta.

"Tun yaushe?"

"Tun rana ta biyu." Ta ciro hijabin daga baki. "In ta kama, Inna, kamar ana yanka ni da reza. Ina ba ta, wallahi ina ba ta, sai in kasa. Shi ne nake tatsa a kofi in ba ta da cokali. Ba ya isar ta."

"Man da ya kawo fa?"

"Na ciwon ne. Bai yi ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

Ta dube ni, sannan ta mayar da idonta kan ƙoƙon. Kunya ta kama ni, ba irin wadda na saba da ita ba. Kwana uku ina zarginta, na bincike mata akwati, ita kuwa tana bayan bangon madafina tana cizon hijabi.

"Inna, in suka ga jinin nan za su ce mugu ne. Za su tafi da ita."

Na karɓi ƙoƙon na fita. Mata suka miƙo wuya, Talatu ta matso da tsinkenta. Na wuce su na tuttular da shi a magudana, na kife ƙoƙon.

"Ba za a gwada ba," na ce. "'Yata ba ta da mugun nono, ciwo gare ta. Asibiti zan kai ta yanzu."

Na ce "'yata" a gaban surukai, kuma zan fitar da mai jego ko suna ba a yi ba. Laraba ta riƙe baki. Hajiya Maijidda ta daɗe tana kallona.

"Jikata ba ta fita gidan nan ba tare da ni ba," ta ce.

"To taso mu je, Hajiya, ga mota nan kin zo da ita."

Haka muka ɗunguma. Hafizu a gaba ya kasa waiwayowa, mu uku a baya, jinjira a hannun Hajiya ta ƙi sakinta. A ɗan asibitin garin muka samu wata nas, ba ta girmi yarinyar nan da yawa ba, mai saurin magana. Ta duba ƙirjin, ta ja tsaki, ta ce ɗan jinin nan ba ya cutar da jariri, nonon lafiyarsa ƙalau. Ta sa tsumma mai ɗumi ta gasa, ta tatse kaɗan har ya yi laushi. Sannan ta karɓi jinjira daga hannun Hajiya ta miƙa wa uwarta.

"Ba ta in ga yadda kike yi."

Yarinyar nan ta ɗora jinjirar can a kan gwiwa, nesa da jikinta, ta ja hijabi ta rufe, ta sunkuya ta miƙa mata nonon da lalube, fuskarta na kallon taga. Nan take ta zabura ta cije leɓe. Nas ta yaye hijabin.

"To ga ciwon nan. Dubi, bakin kan kawai take tsotsa, tana ja kamar roba. Ba dole ya tsage ba? Wa ya koya miki riƙon jariri haka?"

"Haka na ga ana yi," ta ce a hankali.

Nas ba ta san abin da ta taɓo ba, ta ci gaba da aikinta. Ta ce a jawo jinjira jiki, cikinta ya manne da cikin uwarta. A goga mata nonon a leɓe, a jira ta wage baki sosai, sannan a tura ta ta kama har baƙin da ke kewaye. In an gama a shafa ɗan nonon a kan ciwon a bar shi ya sha iska, a daina manna tsumma.

"Amma ba za ki iya ba kina kallon taga. Sai kin ga lokacin da ta buɗe baki. Kalle ta."

Yarinyar nan ba ta kalli jinjirar ba. Ni ta kalla, sannan ta saci kallon surukarta, ta sake dawowa kaina tana jira.

"Kalle ta mana," na ce. "Ke kika haife ta."

Ta sunkuyar da ido. Sau biyu jinjirar ta kuskure, a na uku ta wage baki ta cafka. Uwar ta ɗaga kafaɗa tana jiran rezar, sai na ga kafaɗar tana sauka a hankali. Ta ce da zafi, amma ba kamar da ba. Ɗakin ya yi shiru har muna jin haɗiyar jinjirar, ƙut, ƙut, ƙut. Hajiya Maijidda ta matso da kunnenta, ta saurara, ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe ta gyara mayafi.

"A bar ta wajen uwarta," ta ce, ta fita ta gaya wa ɗanta.

Nas ta bi ta don rubuta magani, aka bar mu mu biyu. Yarinyar nan ba ta ɗago ba. Tana ta kallon fuskar jinjirar, ta sa yatsa tana bin girarta, ta buɗe ɗan kunnenta ta duba, ta taɓa haɓar.

"Inna, dubi, tana da ɗan rami a haɓa. Ban gani ba sai yau." Ta yi murmushi, idonta na kan 'yarta. "Ni ma haka nake ina jaririya? Da ni take kama?"

Na buɗe baki zan ce e. Na lalubi fuskarta ta jarirai a raina. Na tuna ta Kalilu mai bi mata, na tuna ta sauran ƙannenta biyar ɗaya bayan ɗaya, har da wanda bai yi kwana arba'in ba. Tata kuwa ban tuna ba, sai bangon ɗakin uwata, da wata tsaga da ke jikinsa wadda nake kallo duk lokacin da nake ba ta nono.

"Ban sani ba," na ce. "Sai dai mu tambayi Laraba."